Sakatar Bindigar Baba

A wurinmu ba a tambayar abin da ke cikin saƙo. Mutum zai tare ka a filin jirgin Kano da ƙulli cikin baƙar leda, ya ce don Allah ka miƙa wa ɗan'uwansa a unguwar Deira ta Dubai, kai kuma ka karɓa ka cusa a jaka ba tare da ka ko shinshina ba. In ka ce bari ka kwance ka gani, to ka zage shi ke nan, ka haɗa da iyayensa. Ni ma na sha karɓa, na sha bayarwa, ban kuma taɓa ganin aibun abin ba sai a ƙarshen daminar 2019.

Lokacin ina aiki a wani shagon gyaran ƙarafa a Al Warsan, can cikin layin sito-sito inda ba ka jin komai sai kukan manyan motoci suna ja da baya. Aikina sassaƙar ƙarfe a inji. A kawo wani abu na famfo ko na mota da ya cinye, in auna shi, in fitar da sabo irinsa. A gida kuwa an riga an yanke hukunci cewa ni injiniya ne. Na yi ta gyara maganar har na gaji, na bar su da abinsu. A Hor Al Anz nake kwana, ɗaki ɗaya da wasu samari, gado a kan gado, kowa da ɗan labulen da ya rataya don ya ji kamar yana da gida.

Wata Alhamis Hajiya ta kira ni. 'Yar garinmu ce da aure ya kai Kano, kusan sa'ar mahaifiyarmu, kuma fataucin kayan keken ɗinki take yi. Ba ta yarda da hoto a waya ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta ciko gwangwanin alewa da samfur, su kwarkwaro da haƙoran keke da ƙananan ƙarafa iri-iri, ta zube wa masu shago a kan kanta ta ce irin wannan take so.

"Ɗan nan, na sauka tun shekaranjiya," ta ce. "Yayanka ya ba da saƙo. Ka zo ka raba ni da shi, warin daddawarsa ya hana ni sakat. Har mai sharar otal ɗin ta fara yi min wani irin kallo."

Kashegari bayan sallar Juma'a na same ta a ɗan otal ɗinta na Al Buteen, zaune a bakin gado, kwalaye sun kewaye ta. Muka gaisa, ta yi min tsiyar ramewa da ta rashin aure, sannan ta turo min ledar da ƙafa. Daddawa ce da kuka da yaji da ƙuli-ƙuli. Har na miƙe sai ta ce in tsaya.

"Akwai wani ɗan ƙarfe naɗe a tsumma. Ya ce samfur ne, wai za ka gane. Na ji zai huda ledar kukar, sai na zare shi na jefa cikin nawa."

Ta lalubo shi daga gwangwanin alewar ta miƙo min. An ɗaure tsumman da robar taya tamau. Na sa a aljihu, na yi godiya, na sauko.

A bakin ruwa na zauna na kwance shi, wajen da kwale-kwalen haya ke ɗiban mutane. Tsawonsa bai fi babban yatsa ba. Ina ganinsa na gane shi, kuma a take na rufe hannuna na waiga hagu da dama.

Bindigar Babanmu irin ta da ce, wadda ake jan wani ƙarfe baya a sake tura shi gaba kafin kowane harbi. A gidanmu sakata muke ce wa ƙarfen, saboda yadda yake shiga ya kulle kamar ta ƙofa. Baba ya yi gadin daji a zamaninsa, da ya rasu bindigar ta koma hannun Yaya. Abin da ke cikin tafina kan sakatar ne, wato bakin da ke tokare gindin harsashi lokacin da wuta ta tashi. Fuskarsa ta yi baƙi, wani zoben tagulla ya manne a jiki, 'yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso bayan harbi kuma ta karye, sai gindinta.

Tsoro ne ya fara zuwa, fushi ya biyo baya. A ƙasar nan ko kwanson da aka riga aka harba aka samu a jakarka, sai ka yi bayani a inda ba ka so. Ga shi Yaya ya ɗauki ɓangaren bindiga ya ba tsohuwa mai jikoki, ta ratsa filin jirgi biyu da shi tana jan carbinta, ba ta san abin da ta ɗauko ba.

Na kunna waya na tarar da saƙon muryarsa yana jirana. Allah ya taimake ni ban kunna shi a ɗaki gaban samarin nan ba, don Yaya in yana magana a waya ɗauka yake sai ya ɗaga murya kafin ta iso Dubai.

Ya yi sallama, ya tambayi aiki da zafi, sannan ya shiga bayani. Mutanen daji sun shiga ƙauyen da ke gabas da namu sun kwashi mutane a gona. 'Yan sintirin garinmu suka ce kowa ya gwada makaminsa. Shi kuma ya sayi harsashi a hannun wani mutum ranar kasuwa, ashe tsofaffin kwanso ne aka sake ɗurawa. Yana harbawa kwanson ya fashe ta gindi, wuta ta dawo baya ta babbake masa gira da gefen gemu. Sakatar ta cije, sai da ya sa itace ya buge ta kafin ta buɗe. Maƙerin garinmu ya duba ya ce shi iyakarsa bindigar adaka ta maƙera. Birni kuwa ba ya kaiwa, don ƙwace ta za a yi, in ma ba a ce shi ne ɓarawon ba.

"Sai na tuna ai ina da ƙane a Dubai," ya ce. "Ka gyara ka ba Hajiya ta dawo da shi, auta. Dawa ta fara fitar da kai. Ka san lokacinsu ke nan."

Na sani. Duk bindigogin 'yan sintirinmu na maƙera ne, masu harbi ɗaya a tsaya ɗuri. Ta Baba ce kaɗai ke kai nesa, kuma ƙararta daban take, har mutanen dajin sun san ta. Da ita garin ke samun ƙarfin halin fita gona. In babu ita kafin kaka, babu mai tsayawa ya yanki dawa.

Duk da haka na saki baki. Na ce masa, "Yaya, ka san inda ka aiko abin nan kuwa? Ka san da an buɗe gwangwanin Hajiya da yanzu tana ɗaure? Nan ba kasuwar garinmu ba ce da za a ce a yi haƙuri, ɗan gidan wane ne." A rayuwata ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Shi ya sayar da bijiminsa ya kai ni makarantar koyon sana'a.

Amsarsa ba ta daɗe ba, kuma babu faɗa a ciki.

"Ɗan ƙarfe ne fa kamar yatsa. Ku da kuke kwana ku tashi cikin ƙarfe. Amma in ba za ka iya ba, ka faɗa min kawai."

Ya san ni sarai. Da zagina ya yi da na jefa abin a ruwan da ke gabana na huta. Amma ya ce in ba zan iya ba. Na mayar da shi cikin tsumma na sa a aljihu.

A cikin robar daddawa na ɓoye shi, don na tabbata babu mai buɗe ta a ɗakinmu sai wanda ya gaji da hancinsa. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. In motar 'yan sanda ta wuce ta layinmu sai in bi ta da ido har ta ɓace. In mai gadin gini ya gaishe ni da fara'a in ce ya sani, in ya wuce bai gaishe ni ba in ce lallai ya sani. A motar da ke kai mu aiki nakan zauna hannuna a kan aljihu, gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura.

Lokacin hutun rana nake aikin, sa'ad da kowa ya nemi inuwa ya shimfiɗa kwali. Nakan baza wasu ƙarafan famfo a kan teburi, in sa shi a tsakiyarsu, in juya wa kyamara baya. Na fara da ɓanɓare zoben tagullar a hankali, don kada in ji wa fuskar rauni. Na wanke baƙin da wuta ta bari. Sannan na zauna wa ƙugiyar. Rabinta kawai nake da shi, sauran rabin sai da na tuno shi daga ƙuruciya, lokacin da Baba ke warware bindigar a kan tabarma yana shafa mata mai. Na samo guntun ƙarfe mai kyau a cikin ragowar aiki, na yanka, na bi shi da magagari kaɗan-kaɗan. Ta farko ta yi sako-sako, na yar. Ta biyu ta zauna daram, in ka danna ta da farce ta dawo da ɗan ƙas ɗin nan da na sani tun ina yaro.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Duk shekarun da na yi a shagon nan ina yi wa famfunan mutanen da ban sani ba aiki, ban taɓa yin abin da ya shiga raina kamar wannan ba. Har na fara ganin Yaya yana warware tsumman a zaure, yana nuna wa mutane yana cewa aikin auta ne.

A shagonmu akwai ƙa'ida, duk ƙarfen da zai ɗauki nauyi ba ya fita sai an gwada shi ko yana da tsaga. Ana fesa masa wani jan ruwa, a bari ya jiƙa, a goge tas, sannan a fesa fari a kai. In akwai tsagar da ido ba ya gani, jan da ya shige ciki zai tsattsafo ya zana ta. Babu wanda ya sa ni in yi wa wannan. Hannuna ne ya saba, ya ɗauko gwangwanin kafin in yi tunani.

Farin bai gama bushewa ba jan layi ya fito, siriri kamar zare. Ya taso daga gurbin ƙugiyar, ya ratsa fuskar, ya gangara wuya. Na ce ƙila ban goge da kyau ba ne. Na wanke na sake, ya sake fitowa a daidai wurin.

Ina tsaye ina kallonsa ban ji zuwan foman ba. Dattijo ne ɗan Pakistan, daga can yankin duwatsunsu, mutum marar yawan magana. Ya tsaya a kafaɗata ya dubi layin, ya sa yatsa ya juya ƙarfen sau ɗaya, ya daɗe yana kallonsa. Na san ya gane, mutanen yankinsu da bindiga suke tasowa, ba sai an koya musu ba.

"Sadik," ya ce da guntun Larabcinsa, wato aboki, murya ƙasa-ƙasa, "wannan halas, ya mutu. Ni ban ga komai ba. Amma kada rana ta faɗi yana cikin shagona."

Ya wuce abinsa. Na zauna a kan wani bokiti.

Da yamma na tsaya a matattakalar gininmu na yi wa Yaya bayani dalla-dalla. Na ce ƙugiya ta gyaru, amma kan sakatar kansa ya tsage, fashewar kwanson ce ta tsaga shi, ko kuma dukan da aka yi masa da itace. Ya ce in yi masa walda. Na ce wutar walda za ta kashe ƙarfin ƙarfen, zai yi kyau a ido amma cikinsa ya zama ruɓaɓɓe. Ya ce to in sassaƙa sabo, ba aikina ke nan ba? Na ce sabo sai an auna shi a jikin bindigar, in aka samu kuskure ko na kaurin gashi ne, abin da ya faru ne zai sake faruwa, ga shi kuma an riga an gane ni a wurin aiki. Na ce masa in aka mayar da wannan, yana iya ɗaukar harbi goma, yana iya tarwatsewa a na farko, kuma in ya tarwatse fuskar mai harbi zai nufa, daidai idon da ya sa yana saiti.

Sai saƙon muryarsa ya shigo. A bayansa ina jin kukan awaki da muryar matarsa tana kiran yara.

"Auta, ka liƙe shi ka aiko. Ido nawa ne, fuska tawa ce. Ka ce yana iya ɗaukar goma. Ni ko biyu ya ɗauka sun ishe ni, su dai ji ƙararta su san tana nan. Kai kana can cikin sanyi kana auna kaurin gashi. Mu nan da takalmi a ƙafa muke kwana."

Na saurare shi ya fi a ƙirga. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganarsa, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Ana gobe Hajiya za ta tashi na koma Al Buteen, ƙarfen yana aljihuna da sabuwar ƙugiyarsa. Ban yi masa walda ba, ban kuma yar da shi ba. Abu ɗaya na yanke, ba zan bari ta sake ɗaukarsa a makance ba. Kuma can ƙasan raina ina fatan in ta ji ta yi tsalle ta ce ba da ita ba, in samu abin faɗa wa Yaya.

Na tarar ana naɗe mata kwalaye da salatif za a kai kago, wajen masu jigilar kaya. Na jira masu ɗaukar kayan suka fita, na tura ƙofa, na durƙusa na faɗa mata abin da ta ɗauko.

Ta yi salati ta dafe ƙirji. Sannan ta fara. Ta kira Yaya marar hankali, ta kira ni marar kunya da na bari har yau ban faɗa mata ba, ta ce da girmanta da furfurarta za a sa a nuna ta a talabijin da ankwa. Ta ce shekara nawa tana ɗaukar wa mutane saƙo, ko ƙullin yaji ba ta taɓa kwancewa ba, ashe haka ake saka wa mai riƙon amana. Na sunkuyar da kai. Ta yi har muryarta ta dushe, ta sha ruwa, ta zauna tana kallon bango.

"Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda aka kwasa a gabas," ta ce daga baya. "Har na taso ba a ji ɗuriyarsa ba."

Ban sani ba. Na yi mata jaje.

Ta jawo gwangwanin alewar ta buɗe ta ajiye a tsakaninmu.

"Yadda ya zo haka zai koma. Zan ɗauka, in sha Allahu, wannan karon ido buɗe. Abin da zai same ni ya same ni. Amma ɗan nan, ɗago ka dube ni. Ya gyaru?"

Na ɗago. Ban shirya wa wannan ba. Na zo ne a ƙi ni, ga shi an buɗe min gwangwani. Kalma ɗaya ce tsakanina da sauke nauyin nan, in ce e, ta rufe, gobe ya kama hanya, Yaya ya sa min albarka. Wataƙila ma ya ɗauki goman. Wataƙila ba a ma kai ga harbawa ba. Na ji ƙarfen yana tokarar cinyata ta cikin aljihu, na tuna girar Yaya da wuta ta riga ta lasa sau ɗaya.

"Bai gyaru ba, Hajiya."

"Ba zai gyaru ba, ko kai ne ba ka gama ba?"

"Ba zai gyaru ba. In ya harba, yana iya zama shi zai fara samu."

Ta daɗe tana dubana, sannan ta mayar da murfin.

"To kada ka ba ni. Na san yayanka tun yana tsumma. In abin nan ya isa hannunsa, gyararre ko ba gyararre ba, sa shi zai yi." Ta goge ido da bakin mayafi. "Yalla, tashi ka tafi, kada ka sa ni in canza magana."

Da safe kafin kowa ya iso na sa shi a injin yanka na daddatsa shi, har ƙugiyar da na ɓata kwanaki a kanta. Na watsa gutsattsarin cikin durom ɗin tarkacen ƙarfe na motsa su da sanda. Da foman ya shigo ya dube ni, na gyaɗa masa kai, shi ke nan ba mu sake tayar da zancen ba. Ni kuwa maimakon in ji sauƙi sai na ji kamar na yanka dabbar gida ba tare da na tambayi mai ita ba.

Na aika wa Yaya gaskiyar abin da na yi. Ban ce Hajiya ce ta ƙi ba, na ce ni ne. Alamar waya ta nuna ya saurara. Bai amsa ba. Na sake aikawa bayan kwana biyu, na gaishe shi kawai, shiru. Na aika kuɗin cefane kamar kullum, matarsa ce ta yi godiya.

Labarin gida a bakin wasu na riƙa jinsa. Da aka san bindigar Baba ta mutu, sintirin ya fara raguwa, yau wannan ya ce ciwon baya, gobe wancan ya kai iyalinsa wajen dangi ya ƙi dawowa. Babu wanda ya ce a tashi, gida-gida aka riƙa zarewa. Yaya yana cikin na ƙarshe. Ya kwashi matarsa da yara da abin da mota ɗaya za ta ɗauka, suka kama ɗaki a bayan tashar mota a birni. Babu wanda aka kashe a gidanmu, babu wanda aka ɗauka. Dawa kuwa tana tsaye a gona suka baro ta, ta nuna, kai ya sunkuya.

Na yi ta juya abin a raina a bakin inji, har na lalata aikin mutane sau biyu. Wani lokaci in ce na yi daidai, wani lokaci in ce wa ya ba ni ikon zaɓar wa babban mutum abin da zai yi da fuskarsa. Har yau in aka tashe ni aka tambaye ni, amsar takan danganta da ranar.

Sai da sanyi ya shigo Dubai, mutane suka fara zama a waje da yamma, sannan ya kira ni. Kira sosai, ba saƙon murya ba. Ina kan hanyar dawowa daga masallaci, na tsaya a gefen wani shagon shayi na ɗauka.

Ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi abokan zama. Muryarsa ta yi ƙasa, ba irin wadda na sani ba. Na tambayi yara, ya ce suna lafiya, an sa manyan a makarantar unguwa. Na tambayi abin da yake yi, ya ce yana taya wani mutum lodi a kasuwar hatsi. Na fara cewa, "Yaya, game da maganar nan," sai ya katse ni.

"Bar ta, auta. Ban kira don ita ba. Idanuna biyu suna nan lafiya, yadda ka so."

Na jingina da bangon shagon.

"Jiya mota ta shigo daga wajenmu," ya ce. "Ni na sauke ta. Akwai buhunan da na saya tun farkon damina na sa musu alama da shuɗin fenti, na baro su a rumbu. Su ne, cike da dawarmu kaura, wadda wasu suka yanke a bayanmu. Ta yi kyau bana, ƙwayar manya-manya."

"Yaya..."

"Na auno wa yara kwano biyu a ciki. Mai kayan ya yi min ragi, ya ce don ni na sauke."